Filash na ƙona min hoton zinare: in kashe shi ne ko akwai dabara?

Ummu_Sadik_Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga masu ilimin hoto ce. Ina saro zobba, 'yan kunne da sarƙoƙi a kasuwar zinare ta Balad da ke Jidda, Saudiyya, ina tura hotunansu ga masu saye a Kano da Damagaram ta WhatsApp. Hoton kusa shi ne ya gagare ni. In na kunna filash sai zoben ya fito fari fat, ba a ganin zanen jikinsa, bayansa kuma baƙi ƙirin. In na kashe, hoton ya yi duhu ko ya yi dishi-dishi, launin zinaren ya mutu. Abin da ya fi damuna hatimin da ke cikin zobe, 875 ɗin nan na ƙirat 21. Kowace mai saye sai ta ce a nuna mata shi kafin ta turo kuɗi, ni kuwa ba ya fito min yadda za a karanta. Ina da Canon 2000D da lensin da ta zo da shi, 18-55, sai jawwal ɗina, wato wayar hannu. Maigidana ya ce filash ba na hoton kusa ba ne, in manta da shi. Haka ne? Allah ya saka da alheri.

Baban_Walid:
Wa alaikumus salam. Maigidanki ya faɗi gaskiya. Ki kai kayan bakin taga da hantsi, ki shimfiɗa farin ƙyalle, ki ɗauka. Rana kyauta ce, a ƙasar nan kuma ba ta fashi.

MaiHoto_Mansur:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da izinin Baban Walid, ban yarda filash ba na hoton kusa ba ne. Masu ɗaukar ƙwari da masu ɗaukar kayan ado don talla, da yawansu da shi suke aiki kullum. Wanda ke kan kyamararki ne yake da aibi biyu: ƙarami ne, kuma yana zaune dab da lensi. Gogaggen zinare mayar da haske yake yi ta irin kusurwar da ya zo masa. To haske ya fito daga goshin kyamara ya bugi zobe, ina zai koma? Cikin lensi kai tsaye. Farin nan da kike gani, hoton filash ɗin ne kansa a jikin zoben.

Batun ƙanƙanta kuma, ki tuna inuwar mutum da tsakar rana a nan Makka, baƙa mai kaifin baki, sannan ki tuna ranar hazo a gida lokacin hunturu, da ƙyar ake ganin inda inuwa ta ƙare. Rana ɗaya ce, hazo ne ya baza ta ta cika sama. Abin da za ki yi wa filash ke nan. Ki sa abu fari mai faɗi tsakaninsa da zoben. A nan mutane da yawa ke kuskure, sai su naɗe kan filash da mandil, wato tishu, su ce sun tace haske. Ƙarfinsa kawai suka rage, girmansa yana nan yadda yake. Abin da ake so, takardar ta yi nesa da filash ta matso kusa da kaya, yadda hasken zai cika ta gaba ɗaya kafin ya sauka a kan zinaren.

Ummu_Sadik_Jidda:
Na gode Malam. Wace irin takarda ce?

MaiHoto_Mansur:
Waraƙ zibda, wadda ake shimfiɗawa a gasa kek, kowace baƙala, wato shagon unguwa, akwai. Ki ninka biyu. In kuma kina da farin bokitin roba na zabadi, wato yogot, marar rubutu a jiki, ki yanke gindinsa ki kife a kan zoben, ki leƙa da lensi ta saman, haske ya shigo ta gefe.

Injiniya_Yanbu:
Bari in amsa ɓangaren da ba a taɓa ba, wato dalilin da bayan hoton ke yin baƙi. Haske yana raguwa da murabba'in nisa. In nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka uku, kashi ɗaya cikin tara. A hoton biki ba a damuwa da wannan sosai, don amarya tana mita 3, ƙawarta tana mita 3 da rabi, bambancin kaɗan ne. Amma a ce zobe yana santimita 25 daga filash, akwatin da ke bayansa yana santimita 50, akwatin rubu'in hasken zoben kawai ya samu. Kyamara ta auna don zobe, baya ya faɗa duhu. Magani biyu ne: ko a janye filash baya, ko a matso da shimfiɗar kusa da kayan.

Akwai kuma na uku da ke faruwa da 18-55 ɗin nan. In aka matso sosai, bakin lensin yana tare hasken filash ɗin kan kyamara, sai ki ga inuwa mai siffar rabin da'ira a ƙasan hoto. In da murfin rana a bakin lensin, ki cire shi.

Bint_Maiwurno:
Salamu alaikum. Ni ƙunshi nake yi a Riyad, irin namu na Sudan, kuma duk hotunana da jawwal nake ɗauka. Anti Ummu Sadik, abin da nake yi mai sauƙi ne: jawwal biyu. Ɗaya na ɗauka, ɗaya ƙanwata ta kunna tocilansa ta riƙe daga gefe, da mandil a miƙe a gabansa kamar tazarar taƙi ɗaya. Baƙin lalle yana fitowa raɗau, fata ba ta sheƙi. Ban taɓa kunna filash ɗin jawwal ɗin da nake ɗauka da shi ba, in ka kunna hannun amarya fari yake zama, musamman in ta sha dukhan da dilka jikinta na ɗaukar ido.

Injiniya_Yanbu:
Dabararki daidai take 'yar'uwa, kin raba haske da lensi, shi ne abin da Mai Hoto ke faɗa. Sai dai a sani na jawwal fitilar LED ce da ke ƙara haske na ɗan lokaci. Filash na kyamara bututun iskar zenon ne, yana sakin haske mai ƙarfi ƙwarai cikin kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, in aka rage ƙarfinsa ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba. Jawwal kaɗan ne suka taɓa zuwa da zenon, irin su Nokia N8 ta 2010 da Nokia 808 ta 2012. Shi ya sa da LED hannu zai iya girgiza hoto ya lalace, da zenon kuwa hoton tsayawa yake cak.

Baban_Walid:
Kun ga abin da nake gudu. Baiwar Allah tana son ta sayar da zobe, kun kai ta ajin lissafi.

Ummu_Sadik_Jidda:
A'a Baba, ina ƙaruwa wallahi. Taga kuma ba zan iya dogara da ita ba. Gidanmu a Hindawiyya bene ne ya rufe mu ta gabas, kuma yawanci bayan isha'i nake dawowa da kaya, masu saye suna jira a daren, farashin giram kuma gobe ya canza.

Ɗalibar_Haƙori:
Anti, ko ki duba filash mai zobe, wanda ake ɗaurawa a bakin lensi ya kewaye shi. Da shi muke ɗaukar hoton haƙora a asibitin koyarwa. Asalinsa ma don aikinmu aka ƙirƙiro shi, Lester Dine ne ya yi shi a Amurka a 1952, saboda cikin baki rami ne, hasken gefe ba ya shiga. Cikin zobe ma ai rami ne, ina ga zai nuna hatimin.

MaiHoto_Mansur:
Likita, ga haƙori babu kamarsa, amma ga zinare ba na ba da shawararsa. Hasken yana zuwa daga kowane gefe daidai wa daida, sai inuwa ta ɓace gaba ɗaya. Hatimi kuwa tsagi ne a jikin ƙarfe, inuwar da ke faɗawa cikin tsagin ita ce ke sa a karanta lambar. In babu inuwa, 875 ya narke cikin zoben. Ga kuma farar da'ira da zai bari a jikin duk wani abu mai santsi, dutsen akik ko fairuz ko lu'ulu'u. Masu tsadar irin su Canon MR-14EX ana iya rage rabi ɗaya a ƙara ɗaya, inuwa ta ɗan dawo, amma kuɗinsa bai dace da wannan aiki ba.

Ga hatimi, Hajiya, ki jingine zoben yadda lambar za ta fuskanci lensi, ki kawo haske daga gefe ƙasa-ƙasa, kusan kwance da fuskar ƙarfen, ya shafo ta. A wannan hoton kaɗai kada ki tace hasken da yawa.

Ɗalibar_Haƙori:
Na fahimta Malam. Mu ma in ana son a ga tsagin jikin haƙoran gaba, filash mai kai biyu ake ɗaukowa, ɗaya dama ɗaya hagu.

Abu_Ammar_Madina:
Tunda an buɗe wannan babi, ni ma ga tawa. Dabino nake turawa gida, ajwa da safawi da mabrum. Ajwa baƙa ce mai tamoji sirara a jiki, kuma waɗannan layukan su ne mai saye ke dubawa. Da filash a TTL, saitin da kyamara ke auna ƙarfinsa da kanta, sai ta fito ruwan toka, kamar ta shekara a sito.

MaiHoto_Mansur:
Abu Ammar, ma'aunin kyamara yana ɗaukar duk abin da ke gabansa a matsayin tsaka-tsaki, tsakanin fari da baƙi. In ya ga tire cike da baƙar ajwa sai ya ɗauka duhu ne, ya ƙara wuta har ta koma toka. In ya ga farin ƙyalle ya rage. Ka mayar da filash saitin hannu, ka fara daga 1/16 na ƙarfinsa, ka duba, ka sauka 1/32 ko ka hau 1/8. In naka ba shi da saitin hannu, ka rage diyyar filash zuwa -1. Ga dabino ina son haske ya zo daga baya ta gefe, da farin kwali a gaba yana mayar da kaɗan. Dabinon sukkari mai laushi ma har cikinta hasken ke ratsawa.

Dan_Kasuwa_Utaibiyya:
Ka shafa mata ɗan man zaitun kafin ka ɗauka, za ka ga yadda za ta yi ƙyalli. Kowa haka yake yi.

Ustaz_Jarwal:
Ɗan Kasuwa, ka yi haƙuri, wannan ba zan bari ta wuce ba. Hadisi ne a Sahihu Muslim: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Mai saye a Kano ba zai iya sa hannu cikin kwali ba. Hoton da ka tura masa shi ne idonsa, shi ne hannunsa. In dabinon da zai isa gare shi ba mai a jikinsa, kada a sa mai a na hoton.

Dan_Kasuwa_Utaibiyya:
To Ustaz, shi gyara hasken da suke ta koyarwa tun ɗazu fa? Ai shi ma ƙawata kaya ne. Mai shagon zinare da ya cika rufinsa da fitilu, don Allah ya sa su?

Ustaz_Jarwal:
Haske yana nuna abin da ke jikin kaya, mai kuwa ƙari ne a kan kaya. Amma ka taɓo gaskiya ta wani gefen: in mutum ya karkata haske da gangan don ya ɓoye karce ko lotsawa a jikin awarwaro, ko ya ja launi a jawwal har ƙirat 18 ta yi jan 21, ya shiga abin da ake magana. Ni da zan ba Ummu Sadik shawara, duk kayan da ke da tabo ta ɗauki tabon hoto na musamman ta tura tare.

Hajiya_Aziziyya:
Wannan gaskiya ne. Ni mai saye ce, ba mai sayarwa ba. An taɓa turo min hoton sarƙa ja wur, da ta iso hannuna sai ga ta fara-fara. Ban ce an cuce ni a nauyi ba, giram ɗinta ya cika, amma ban sake sayen komai a wurin ba. Ku masu hoto ku gaya mata yadda launi zai fito daidai, ya fi mana amfani a kan ƙyalli.

Injiniya_Yanbu:
Hajiya, nan ne ma filash ya fi taga. Hasken filash launinsa kusan ɗaya ne kullum, wajen kelbin 5500 a ma'aunin launin haske, kusa da hasken rana tsaka. Hasken taga yana canzawa daga safe zuwa la'asar, in bangon maƙwabta fentin ruwan ƙasa ne shi ma ya shigo cikin hoton. Fitilun ɗaki kuma wasu ja wasu shuɗi-shuɗi. Ummu Sadik ta kashe fitilar ɗaki ko ta rage ta, ta sa WB, wato saitin launi, a alamar walƙiya, kada ta bar shi a AWB inda kyamara ke zaɓa da kanta, domin in kyamara ta ga rawaya ta cika hoto sai ta yi ƙoƙarin kashe ta, zinare ya fito fari-fari. In tana son tabbaci, akwai katin toka na masu hoto, a ɗauke shi a ƙarƙashin hasken a saita da shi.

Wani abu ga masu jawwal: wutar Saudiyya hats 60 ce, wato sau 60 take juyawa a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50. Wasu fitilun LED da dogayen fitilun shago suna ƙyaftawa daidai da wutar, shi ne layukan duhu da kuke gani a hoto ko bidiyo a cikin shagon zinare. In jawwal ɗinka yana da saitin ƙwararru, ka sa saurin ɗauka a 1/60.

Bint_Maiwurno:
Wallahi layukan nan sun daɗe suna ba ni haushi a ɗakin da nake aiki, ashe daga fitila ne. Shukran Injiniya.

Umm_Rayyan:
Bint Maiwurno, tunda hannun mutane kike ɗauka, ki riƙa neman izini a fili kafin ki sa a Instagram, ko da fuska ba ta fito ba. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar jawwal. Ana gane mace da zobenta ko labulen ɗakinta.

Bint_Maiwurno:
Ina tambaya Anti, kuma wadda ta ce a'a ba na ɗauka ko don ajiya.

Admin_Abu_Fahad:
Jama'a mun gode, amma a dawo kan tambayar Ummu Sadik. Har yanzu ba a gaya mata abin da za ta saya da lambobin da za ta sa ba.

MaiHoto_Mansur:
To Admin. Hajiya, filash ɗaya na saitin hannu ya ishe ki, irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560. Kafin ki saya ki duba wurin da ake zura filash a saman kyamararki. Wasu 2000D an fito da su babu babban ɗigon ƙarfe na tsakiya, kuma filash na saitin hannu da shi yake tashi. In babu, ba komai, don dama ba a kan kyamara muke son sa ba. Ki ajiye shi a gefe a kan tebur, ki sa shi a S2, ki ɗaga ƙaramin na kyamara. Da ƙaramin ya haska, babban zai gani ya tashi tare da shi. S2 nake cewa ba S1 ba, domin ƙaramin yana fara sakin wani ɗan haske na awo kafin na gaske, a S1 babban zai bi na farkon ya tashi kafin lokaci. Sai ki tare gaban ƙaramin da guntun farin kwali a karkace, haskensa ya tafi wajen babban kada ya sauka a kan zoben.

Kyamara a M, wato saitin hannu, ISO (ƙarfin jin haske) 100, sauri 1/200 ko ƙasa da haka. Kada ki wuce 1/200, in kin wuce wani ɓangaren hoton zai fito baƙi. Ƙofar lensi f/11. Lensin ki zuƙo shi zuwa 55, ba ya kama fokas ƙasa da santimita 25. Hasken ya yi yawa, ki rage ƙarfin filash ko ki ja shi baya, sauran lambobin ki bar su.

Zuma_Taif:
Me ya sa f/11 Malam? Ni a hoton furen wardi nake buɗewa f/2.8 baya ya narke, ya fi kyau.

MaiHoto_Mansur:
Ga fure daga ɗan nesa, e. Amma duk yadda ka matso, zurfin abin da ke cikin fokas raguwa yake. Da lensin makro, na hoton kusa, a 1:1, wato matsowarsa ta ƙarshe, a f/8, abin da ke fitowa tsaf bai fi kamar milimita ɗaya ba. Zobe kuwa faɗinsa ya kusa santimita 2. In ka buɗe f/2.8 kan dutsen kawai za ka samu. Shi ya sa ake tsuke ƙofa, in an tsuke haske ya ragu, in haske ya ragu dole ko filash ko maɗorin kyamara mai ƙafa uku. Kada kuma a zarce zuwa f/22 ko f/32, daga nan kaifin hoton gaba ɗaya yake fara laushi. Masu tallan manyan shaguna hotuna da yawa suke ɗauka, kowanne da fokas a wuri daban, su haɗe su a kwamfuta da irin su Helicon Focus. Hajiya ba ta bukatar wannan don WhatsApp.

Zuma_Taif:
Na gane. Ni inda filash ya yi min rana shi ne ƙudan zuma a gonakin wardi na Hada da Shafa, lokacin fure wajen Maris da Afrilu. Da sassafe ake tsinka, haske bai yi ƙarfi ba, iska na kaɗa reshe, ƙudan ba ya tsayawa. Da na sa filash a 1/32 da takarda a saman lensi sai ga garin fure a ƙafarsa ƙwaya-ƙwaya. Abin da Injiniya ya faɗa ne, gajartar hasken ce ke tsayar da motsi. Baban Walid, a nan taga ba za ta yi ba.

Baban_Walid:
Zobe ba ya tashi sama, ɗana. A ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, a sa mata ƙidayar daƙiƙa 2, ko fitilar karatu aka haska ta bayan takardar nan taku hoto zai fito. Kuma mutum yana ganin inda inuwa ta faɗi da idonsa kafin ya danna. Da filash sai ka ɗauka ka duba, ka gyara ka sake. Na yi aikin hoto tun zamanin fim, lokacin da alhazai ke layi a ɗauke su, na san wahalar da nake faɗa.

Injiniya_Yanbu:
Wannan hujja ce mai ƙarfi Baba, ban musa ba. Ga mai koyo, haske mai tsayawa ya fi saurin fahimta. Abin lura kawai fitilar ta zama mai nuna launi da kyau, a duba kwalinta a ga CRI 90 ko sama. Masu arha da yawa suna sa zinare ya yi kore-kore.

Yaro_Karantina:
Na ga wani tsohon filash babba a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh, kuɗinsa kaɗan. In ɗauko?

Injiniya_Yanbu:
Ka yi hattara ƙanena. Wasu filash na zamanin fim suna sako wuta sama da bolt 200 ta ƙafarsu, kyamarorin yanzu kuma ba duka ke jure wannan ba. Kada ka ɗora shi a kan kyamara sai an auna. Kuma ko ya lalace kada ka kwance shi, akwai ma'ajiyar wuta a ciki mai riƙe wajen bolt 300 ko bayan an cire batir. Batiran ma kada a bar su cikin mota da rani.

Dan_Kasuwa_Utaibiyya:
Ni an ce min akwai gilashin da ake ɗaurawa a bakin lensi, CPL, yana kashe ƙyalli gaba ɗaya. Me ya sa ba wanda ya ambace shi? Da an huta da takardar kek.

MaiHoto_Mansur:
Yana aiki a kan gilashi, ruwa, fata, ganye, har da dabinon Abu Ammar da dutsen akik. A kan tsurar ƙarfe ba ya yin abin kirki. In kuma ka sa irin takardarsa a kan filash ka juya na lensi suka gicciye, ƙyallin zai mutu, amma zinaren ma ya mutu tare da shi, ya yi duhu. Zinare ai ƙyallin ne kyansa, gyara masa siffa ake yi.

Ummu_Sadik_Jidda:
Jama'a na dawo. Ɗan yayata ya aro min filash, na yi yadda Malam ya ce da bokitin zabadi. Alhamdu lillahi zanen jikin zoben ya fito, hatimin ma da na kwantar da haske ana karanta 875 sarai, har wata ta turo kuɗi a kansa. Saura biyu. Akwai baƙin ɗigo a tsakiyar duk zoben da ke da santsi. Sannan awarwaro masu faɗi sun fito fari-fari shafal, kamar ba su da nauyi, ni kaina da na gani ban ji sha'awarsu ba.

MaiHoto_Mansur:
Masha Allah. Baƙin ɗigon lensinki ne da ramin bokitin, zoben ke nuno su. Ki rufe saman da farin kwali, ki huda daidai bakin lensi, ki ɗan karkata zoben, ɗigon zai ƙanƙance ya koma gefe. Ba ya ɓacewa duka. Awarwaro kuma fari ya yi musu yawa, ko'ina suka juya fari suke gani. Ki yanko baƙar takarda siririya, faɗin yatsa biyu, ki manna a tsaye a cikin bokitin ta gefe ɗaya. Baƙin layin da zai fito a jikinsu shi ke nuna lanƙwasa da kauri.

Hajiya_Aziziyya:
Ko ta sa takarda ruwan zinare a ciki, ai launin zai dawo.

Ustaz_Jarwal:
Hajiya, ke da kika ce an turo miki sarƙa ja ta iso fara? Takarda mai launi za ta ƙara wa kayan jan da ba nasu ba.

Hajiya_Aziziyya:
Na karɓa Ustaz. To a bar ta a baƙar. Amma ni dai a ƙara min da ɗan bidiyo, a juya awarwaron a hannu a hasken rana, shi ne ke kwantar min da hankali.

Baban_Walid:
Kun ji mai saye da bakinta, rana take nema. Ummu Sadik, ranar Juma'a da ba ki fita kasuwa da safe, ki hau saman bene wajen inuwar tankin ruwa ki ɗauki awarwaron nan guda, ki ɗora mana nan kusa da na bokiti mu gani.

Ummu_Sadik_Jidda:
In sha Allah Baba zan yi duka biyun. Malam Mai Hoto, sarƙa doguwa fa? Ba ta shiga bokitin, in na naɗe ta kuma ba a ganin tsawonta.

MaiHoto_Mansur:
Sarƙa hoto biyu take so. Na tsawo, ki shimfiɗa ta a kan kwali mai ruwan toka da ma'aunin tela a gefenta, ki juya kan filash ya bugi farin bango ko rufin ɗaki, ki hau zuwa 1/4 don hanyar hasken ta yi nisa. Na kusa kuma ki kama maƙullin da 'yan ƙwayoyin da ke kusa da shi kawai, a nan hatiminta yake yawanci, ki rataya waraƙ zibda a tsaye ta gefe maimakon bokiti. In bangon ɗakinku ba fari ba ne ki faɗa min launinsa tukuna.